Ledar da muke zagi da jakar da muke yabo

Jiya na buɗe wata durowa ina neman caja, sai ga ni a gaban wayoyi huɗu matattu. Ɗaya batirinta ya kumbura har ya ɗaga murfin baya, ɗaya gilashinta ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa, sauran biyun kuwa wallahi ba abin da ya same su, nauyi kawai suka fara yi na ga sabuwa ta fito raina ya biya. A ƙarƙashinsu cajoji sun nannaɗe da juna kamar macizai. Kuma a wannan ɗakin dai, a bayan ƙofa, ga jakunkunan yadi a rataye wajen goma waɗanda aka rarraba mana a tarurruka, kowacce an buga mata hoton koren ganye. Ni ne fa nake ta cika baki wai mai kishin muhalli ne saboda ba na karɓar leda in na yi sayayya. Sai na zauna a ƙasa na yi ta yi wa kaina dariya.

Jama'a abin da nake so in faɗa yau zai ɓata wa wasu rai, amma a yi haƙuri a karanta har ƙarshe kafin a fara jifana. Mu idonmu kullum a kan ƙarshen kaya yake, ranar da aka jefar da shi a bola. Abin da muke gani kenan, shi ke toshe magudanar ruwa, shi ke wari. Amma kaya da yawa kafin su iso hannunka sun riga sun gama yawancin ɓarnar da za su yi, a ramin haƙar ma'adinai, a gona, a masana'anta, a cikin jirgin ruwa. Kai dai sabon kwali ka gani mai sheƙi.

Akwai masanan da aikinsu kenan, su ɗauki kaya guda ɗaya su bi rayuwarsa tun daga inda aka tono kayan haɗa shi, zuwa ƙera shi, jigilarsa, amfani da shi, har ranar da ya zama shara, a kowane mataki su lissafa ruwa nawa ya sha, wuta nawa ya ci, hayaƙi nawa ya fitar. Ba sabon abu ba ne. Tun 1969 kamfanin Coca-Cola ya sa aka yi masa irin wannan binciken don ya kwatanta mazuban lemonsa, kuma yanzu har ƙa'idojin duniya gare shi, ISO 14040 da ISO 14044. To in aka yi lissafin nan sau da yawa amsar sai ta ba ka kunya.

Mu ɗauki leda da jakar auduga, tunda nan ne nake da laifi. A 2011 hukumar muhalli ta Ingila ta fitar da bincike, ta ce in ana maganar ɗumamar yanayi, jakar takarda sai ka yi amfani da ita sau 3 kafin ta fi ledar da aka yi amfani da ita sau ɗaya, jakar auduga kuwa sau 131. Ɗari da talatin da ɗaya fa! A 2018 hukumar muhalli ta Denmak ta yi nata, ta haɗa da wasu ma'aunai da yawa ba hayaƙi kaɗai ba, sai lambar ta yi tsalle, jakar auduga ta gama-gari sau 7,100, wadda aka noma audugarta ba da takin zamani da feshi ba kuwa sau 20,000. Dalili? Leda siririya ce, 'yan giram kaɗan ce, ita kuwa auduga sai an share gona, an yi ban ruwa, an girbe, an kaɗa zare, an saƙa, an rina, an ɗinka.

Kar wani ya ɗauki wannan ya ruga yana cewa an wanke leda. Ba a wanke ta ba. Shi kansa binciken Denmak ɗin bai saka ɓarnar ledar da ake yasarwa a titi da ruwa cikin lissafinsa ba, alhali nan ne ainihin muguntarta take, ba ta ruɓewa, dabba ta haɗiye ta ta mutu, ta farfashe ta zama ƙananan ɓurɓushi a cikin teku. Kuma wani bincike na 2017 ya nuna cewa cikin dukan sharar robar da duniya ta tara tun daga shekarun 1950, kashi 9 cikin 100 ne kawai aka sake sarrafawa. Don haka lissafin ma yana da inda idonsa bai kai ba, abin da aka auna shi yake nunawa. Ni abin da na ɗauka a nan shi ne, laifin ba a jikin leda ko yadi yake ba, yana cikin ɗabi'ar karɓa sau ɗaya a ajiye a karɓo wata.

Maganar auduga ba ta ƙare ba, don ita ce ta fi tsaya min a rai. Kamfanin Levi's da kansa ya yi lissafin wandon jins ɗinsa guda ɗaya a 2015, ya samu lita 3,781 ta ruwa daga gona har ƙarshen rayuwarsa, mafi yawa a gonar auduga, sai kuma wankin da mai shi zai yi ta yi. In kana ganin lamba ce kawai, ka nemi hoton tafkin Aral, tsakanin Kazakistan da Uzbekistan. A da shi ne na huɗu a girma cikin tafkunan duniya. Daga shekarun 1960 gwamnatin Tarayyar Sobiyat ta karkatar da kogunan Amu Darya da Sir Darya don ban ruwan auduga, ruwa ya yi ta ja da baya, yau garin Moinak da a da masunta ke sauke kifi, jiragen ruwa ne a kwance a kan rairayi sun yi tsatsa. Wanda ya sa rigar bai taɓa ganin wannan a madubi ba.

Sai waya, wadda ita ce ta tona min asiri. Muna damuwa da cire caja daga soket don kar ta ci wuta, madalla, amma a rahoton da Apple ya fitar kan iPhone 12, cikin kilo 70 na hayaƙin kabon da wayar za ta jawo a duk rayuwarta, kashi 83 cikin 100 a wajen ƙera ta ne. Cajin da za ka yi ta yi shekara da shekaru kashi 14 ne kacal. Wato ranar da ka yage ledar kwalin an riga an gama. Ma'adinin kobalt ɗin da ke cikin batirin, kusan kashi 70 cikin 100 na abin da duniya ke haƙa daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo yake fitowa, wani ɓangare kuma mutane ne ke tono shi da hannu a ramuka masu rufta musu. Wayoyin nan biyu masu lafiya da na jefa a durowa, da na ƙara shekara biyu da kowacce, da sun fi duk ledar da na ƙi karɓa amfani. A 2022 duniya ta tara tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kashi 22 cikin 100 ne kawai aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya kamata.

Amma ba kowane kaya ne haka ba, kar a ce na ce a rungumi duk wani tsohon abu. Firiji, na'urar sanyaya ɗaki, kwan fitila, su ɓarnarsu a lokacin aiki take, suna zuƙar wuta dare da rana, tsohon kwan fitila mai zafin nan gara ka sauya shi da LED yau ba gobe ba. Tambayar kawai ita ce, wannan abin a ina ya fi ci, wajen yin sa ko wajen aikinsa.

Kuma ban yarda a jibga mana laifin duka mu masu saye ba. Kamfanin mai na BP ne fa ya yayata na'urar lissafa hayaƙin da mutum ɗaya ke jawowa a wajen 2004, ka ji wayo, mai kaza ya sa ana tuhumar mai ƙwai. Wayata mai kumburarren batir da na kai gyara tun farko, mai gyaran ya juya ta ya juya ya ce an manne batirin da gam, in ya ɓamɓare gilashin zai iya fashewa. Waye ya zana ta haka, ni? Shi ya sa na ji daɗin abin da Faransa ta yi a 2021, da ta sa dole a rubuta wa waya da kwamfuta da injin wanki makin sauƙin gyara, daga cikin 10, a inda mai saye zai gani. Tarayyar Turai kuma daga ƙarshen 2024 ta tilasta bakin caja iri ɗaya, USB-C. Da an yi haka tun da wuri da macizan durowata ba su kai haka ba.

Ɗaya daga cikin wayoyi biyun nan masu lafiya na caja ta, ta kawo tsaf, na ba ƙanwata da ke shirin sayen sabuwa. Jakunkunan kuwa na sauko da su na ƙirga, 11 ne. In na bi lissafin Ingila, mai sauƙin kenan, sau 1,441 zan fita da su kafin in biya bashinsu, in sau ɗaya nake sayayya a mako kusan shekara 28 kenan. Don Allah duk wanda ya gan ni a taro kar ya ƙara miƙo min jaka.