Dutsen Uluru da ikon cewa "ba a shiga"

Ranar Juma'a, 25 ga Oktoba 2019, ɗaruruwan masu yawon buɗe ido suka yi dogon layi a gindin dutsen Uluru da ke tsakiyar hamadar Ostireliya. Kowa na so ya riƙe sarƙar nan da aka kafa tun shekarun 1960 ya haye kafin a rufe hanyar. Kusa da inda suke tsaye akwai allo da ya daɗe a wurin, wanda masu dutsen, wato al'ummar Anangu, suka rubuta roƙonsu a kai cewa don Allah kada a hau. An karanta allon, an wuce shi. Washegari doka ta fara aiki, kuma tun daga ranar babu wanda aka sake bari ya taka kan dutsen.

Ni a ganina, wannan rufewar ita ce darasi mafi girma da yawon buɗe ido ya taɓa koyar wa baƙi game da 'yan asalin Ostireliya, waɗanda ake kira Aborijin. Ya fi duk raye-rayen da ake yi wa baƙi a otal, ya fi duk ƙasidun da ake rabawa a filin jirgi.

Dutsen ya kai tsayin mita 348, kewayensa ya haura kilomita 9. A 1873 wani Bature mai suna William Gosse ya iso wurin ya raɗa masa Ayers Rock, don girmama wani babban jami'in mulkin mallaka, kamar dai dutsen bai da suna kafin zuwansa. Mutanen da kakanninsu suka shafe dubban shekaru a wurin suka koma 'yan kallo. Sai ranar 26 ga Oktoba 1985 gwamnati ta mayar wa Anangu takardar mallakar ƙasar, bisa sharaɗin su ba hukumar gandun daji hayarta na shekara 99, a riƙa gudanar da wurin tare. Kenan daga 1985 zuwa 2019, shekara 34 cur suka yi suna da takarda a hannu, amma ba su da ikon hana mutum hawa abin da yake nasu. Sun zaɓi su yi ta roƙo da bayani. A 2017 hukumar haɗin gwiwa da ke gudanar da wurin, wadda Anangu ke da rinjaye a ciki, ta amince baki ɗaya a rufe. Shugabanta a lokacin, Sammy Wilson, ya ce wurin ba filin wasa ba ne irin Disneyland.

Bahaushe bai buƙatar dogon bayani a nan. Gidanmu na gargajiya yana da zaure, kuma a bakin ƙofar ciki sau da yawa za ka ga an rubuta "ba a shiga". Baƙo zai sha ruwa, a shimfiɗa masa tabarma, a yi hira har dare, amma iyakarsa zaure. Wanda ya tsaya inda aka tsayar da shi ya fahimci gidan fiye da wanda ya kutsa har tsakar gida yana ɗaukar hoto. Haka abin yake a Uluru. Anangu suna da abin da suke kira Tjukurpa, wanda ya haɗa doka da tarihin halitta da ladabin zama da ƙasa. Wani ilimin na maza ne, wani na mata, wani sai wanda ya kai matsayin saninsa. Shi ya sa in kana zagaya gindin dutsen za ka tarar da wurare da aka hana ɗaukar hoto. A wurinsu tsagar da ke jikin dutsen kamar rubutu take, ba kowa ya cancanci karanta ta ba, balle a watsa ta a Facebook.

Kuma ba wai sun rufe komai ba. Akwai tafiyar ƙafa da ma'aikatan gandun ke jagoranta da safe, inda ake ba da labarin kakanni na Mala (sunan wata ƙaramar dabba ce dangin kangaru), a nuna zane-zanen cikin kogo da wuraren da ruwa ke taruwa. Akwai cibiyar al'adu da aka buɗe a 1995. Abin da aka ba ka a waɗannan wurare, mai shi ne ya ba ka da hannunsa. Wanda ya hau dutsen kuwa, me ya koyo? Ya ga fili, ya yi haki, ya sauko. Mutane aƙalla 35 sun mutu a wannan hawan, kuma Anangu sun sha cewa mutuwar baƙo a ƙasarsu nauyi ne a wuyansu. Ga shi babu makewayi a saman, a lokacin da ake hawa, in aka yi ruwan sama ƙazanta takan gangaro cikin tafkunan da ke ƙasa.

Masu adawa da rufewar suna da hujjarsu, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Sun ce dutsen na duk 'yan ƙasa ne. Sanata Pauline Hanson ta kwatanta matakin da rufe gaɓar tekun Bondi ta birnin Sydney. Wasu kuma suka ce baƙi za su ragu, talaka ɗan asali ne zai fara ji a jikinsa. Hujja ta biyu ta fi nauyi, domin cikin Anangu ɗin ma akwai masu wannan fargaba. Amma tun kafin a rufe, masu hawa sun riga sun ragu daga kusan kashi 74 cikin 100 na baƙi a shekarun 1990 zuwa kusan kashi 16 a 2015. Yawancin masu zuwa sun ji roƙon sun girmama shi. Batun "na kowa ne" kuwa, takardar 1985 ta riga ta amsa shi.

Inda nake da shakku shi ne maganar kuɗi. Al'adar Aborijin haja ce mai tsada, amma sau da yawa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 2019 kotun tarayya ta ci kamfanin Birubi Art tarar dalar Ostireliya miliyan 2.3, saboda sayar da kayan tsaraba da aka nuna kamar aikin hannun 'yan asali ne, alhali a Indonesiya aka yi su. Ƙauyen Mutitjulu, inda Anangu ke zaune a inuwar dutsen, har yanzu yana fama da talauci da ƙarancin gidaje, ga kuma otal-otal na alfarma a Yulara, garin da baƙi ke sauka, tafiyar 'yan mintoci a mota. Baƙon da ya damu da gaske zai tambayi wa ya sassaƙa abin da zai saya, kuma wa ke da kamfanin da ya ɗauko shi.

Kada kuma a ɗora wa yawon buɗe ido abin da ya fi ƙarfinsa. Wata bakwai bayan rufe Uluru, a Mayun 2020, kamfanin haƙar ma'adinai na Rio Tinto ya tarwatsa kogunan Juukan da ke Yammacin Ostireliya, masu ɗauke da alamun zaman ɗan Adam na shekara 46,000, kuma da izinin doka ya yi. A Oktoban 2023 kusan kashi 60 cikin 100 na masu zaɓe suka ƙi amincewa a kafa wa 'yan asali majalisar ba da shawara a kundin tsarin mulki. Ƙasa tana iya tallata al'adar mutane a allunan talla ta kuma ƙi saurarensu a rumfar zaɓe.

Akwai wani abu da ke faruwa a ofishin gandun Uluru shekara da shekaru. Ƙunshin saƙonni na isowa ta gidan waya daga ƙasashe daban-daban, cikinsu duwatsu da ƙasar da baƙi suka tsinta a ɓoye suka tafi da su, haɗe da wasiƙun ban haƙuri. Wasu na cewa tun da suka ɗauko dutsen masifa ke bin su. Anangu sun ce babu wata tsinuwa irin wannan a cikin Tjukurpa, tsoron masu ɗaukar ne kawai. Suna karɓar duwatsun, sai dai babu wanda ya san ainihin gurbin da aka ɗauko kowanne, don haka ba a iya mayar da su inda suke.