An tambayi mai shan maganin kuwa?

A Damagaram, idan aka dawo da mai taɓin hankali daga asibiti ya zauna a zaure bai ce uffan ba, sai dangi su yi hamdala, wai jiki ya yi kyau. To, ku dube shi da kyau. Wuya ya sage, hannu na karkarwa har kofin shayi ya gagare shi riƙo, yawu na dalala a gaban riga. Wani kuma zaman ne ba ya iyawa, yana ta kai da komo tsakanin ƙofar gida da bakin titi, a ce ai ciwon ne ya motsa.

Sau da yawa aikin maganin ne. Haldol da Largactil tsofaffin magunguna ne, shi Largactil tun 1952 aka soma ba masu taɓin hankali shi a Faransa. Suna da araha, suna aiki, sun kuma raba mutane da yawa da ɗaurin mari, wannan ba na musu. Amma likitoci sun san suna sandarar da jiki, shi ya sa akan rage yawansu ko a haɗa da Artane, maganin da ke rage sandarewar. Wanda ya daɗe a kansu kuwa, baki da harshe kan riƙa motsi da kansu, wani ma ko an daina abin ba ya sakinsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne ranar komawa ganin likita. Yaya ko kawu ke amsa tambaya. Yana barci? Yana yi. Yana faɗa? Ya bari. Sai a sake rubuta takardar magani, mai jikin yana zaune kamar kayan da aka kawo gyara. Idan ya ce maganin nan na kashe masa jiki, a ce maganar mahaukaci ce. Daga nan zai fara ɓoye ƙwaya ƙarƙashin harshe yana tofarwa a bayan gida, ciwo ya dawo, dangi su ce asibiti ya kasa, a nufi wurin mai cire iska, inda sarƙa da bulala ke jira. A 2020 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ce ta samu shaidar irin wannan ɗauri a ƙasashe 60.

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008, kuma cikinta akwai cewa a nemi yardar mutum kafin a yi masa magani. Na san likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne, layi kuma dogo, dangi ma su ke biyan kuɗin daga aljihunsu. Duk da haka, me zai hana a fitar da kawu waje na minti biyar a saurari mai jikin shi kaɗai? A gaya masa da Hausa abin da ƙwayar za ta iya jawowa, kuma idan wuya ya sage ya dawo a gyara masa awo, kada ya yanke shan maganin da kansa.