Sadakar Kirsimeti da mutuncin mai karɓa

Tallar da wata ƙungiyar agaji ta saka daren jiya a tsakiyar shirin Kirsimeti na talabijin a nan Ingila ta ɓata mini rai matuƙa. An nuno yaro baƙar fata ƙudaje na bin idonsa, uwarsa na zaune a ƙasa ta yi tagumi, a ƙasan allo kuma ga lambar da za a tura kuɗi. Ba a faɗi garinsu ba, ba a bar uwar ta furta ko kalma ɗaya ba. Wannan tonon asiri ne, ko da an yi shi da kyakkyawar niyya.

Wannan ɗabi'a ta samu gindin zama ne a 1984, lokacin da Bob Geldof da Midge Ure suka tara mawaƙa a ƙarƙashin sunan Band Aid domin tara kuɗin agajin yunwar Habasha, da waƙar da take tambaya ko mutanen can sun san Kirsimeti ya zo. Alhali Habasha ta karɓi addinin Kirista tun ƙarni na 4, zamanin Sarki Ezana, kuma har yau jama'a na cika garin Lalibela ranar 7 ga Janairu domin bikin Kirsimetinsu. Waƙar ba ta ce komai ba game da yaƙin gwamnatin Mengistu da ya tsananta yunwar a arewacin ƙasar, sai aka bar mai kallo da zaton cewa haka Allah ya halicci Afirka.

Na san za a ce ai kuɗin sun ceci rayuka. Sun ceta, kuma Allah ya saka wa waɗanda suka bayar. Amma wa ya ce ba a iya ciyar da mutum sai an zubar masa da mutunci a idon duniya? Alƙur'ani ya hana ɓata sadaka da gori da cutarwa, Linjila ta ce kada hagu ta san abin da dama ta bayar. Babu uwar da za ta so a riƙa nuna ɗanta a wannan hali kowace Disamba, tsakanin tallar turare da ta kayan wasan yara.

Mawaƙi Fuse ODG, ɗan asalin Ghana, ya ƙi shiga lokacin da aka sake waƙar a 2014 saboda wannan dalili. A 2020 ƙungiyar agaji ta Comic Relief ta sanar da cewa ta daina tura fitattun mutane Afirka ɗaukar irin waɗannan hotuna, za ta riƙa ba masu shirya fim 'yan nahiyar aikin. Sauran ƙungiyoyin ba su da hujjar ci gaba da abin da suke yi.