Ba ku gaya mata komai ba, sannan ku ce ta ƙi bin shawara

Kwana huɗu Inna ta yi a kwance a asibiti saboda hawan jini. Ranar da za a sallame ta, likita ya shigo da ɗalibai a bayansa, ya ɗauki fayil, ya yi 'yan rubuce-rubuce, ya ce, "Mama, za ki iya tafiya gida," ya wuce gado na gaba. Ta buɗe baki za ta yi tambaya, ƙeyarsa kawai ta gani. A tagar karɓar magani aka miƙo mana leda, an ja layi ɗaya a jikin kwali, wai sau ɗaya a rana. Har zuwa yaushe? Me za ta iya ji a jikinta in ta fara sha? Ba wanda ya ce uffan.

Bayan sati uku tari ya kama ta, busasshe, babu kaki, sai maƙogwaro na ta ƙaiƙayi. Ya hana ta barci, ya hana mu. Maganin tari kwalba biyu ta shanye, ko gezau. Ita da kanta ta lura cewa tun da ta fara shan wata 'yar ƙwaya tarin ya zo, sai ta ajiye ta ba ta gaya wa kowa ba, tari kuwa ya lafa. Bayan wata guda kanta ya riƙa sara, jiri na ɗibarta, muka kwashe ta sai asibiti. Da aka auna jininta, ya hau har 190 bisa 110.

Abin da ya ƙona mini rai shi ne maganar ma'aikaciyar jinyar da ta auna ta: "Mama, wa ya ce ki daina shan magani? Haka kuke tsofaffin nan, ba kwa bin shawarar likita." Inna ta sunkuyar da kai kamar wadda aka kama da sata. Wace shawara, don Allah? Yaushe aka ba ta?

Sunan ƙwayar lisinofiril. Duk wanda ya zauna ajin koyon magunguna ya san tana jawo busasshen tari ga kusan mutum ɗaya cikin goma masu shanta, ya kuma san maganin tari ba ya taɓa shi, sauya ƙwayar ake yi. Wani matashin likita da muka tarar a wannan karon ko minti biyu bai yi ba ya gane, ya mayar da ita kan wani maganin hawan jinin, losatan. Da ranar sallama wani ya ce, "Mama, in kin ji tari ki dawo, kada ki daina da kanki," da duk wannan wahalar ba ta same mu ba.

Wani abin haushin, binciken likitocin ne da kansu ya daɗe da tona wannan. Tun 1984 wasu masu bincike, Beckman da Frankel, suka ɗauki muryar ganawar likitoci da majinyata a Amurka, suka tarar a tsakatsaki daƙiƙa 18 kacal ake barin mara lafiya ya yi magana kafin a katse shi. A 2017 mujallar BMJ Open ta fitar da nazarin ƙasashe 67 kan tsawon ganin likita: daƙiƙa 48 a Bangaladesh, minti 22 da rabi a Suwidin. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta faɗa tun 2003 cewa ko a ƙasashe masu arziki, kusan rabin masu ciwon da ake daɗewa da shi ne kawai ke shan magani yadda aka tsara. An san mutum na mance da yawa daga cikin abin da aka gaya masa a gaban likita, balle tsohuwar da tsoro ya cika mata ciki. Ana karanta waɗannan takardu, ana cin jarrabawa da su, amma ba sa isowa bakin gadon mara lafiya.

Na san likitoci sun yi kaɗan, na ga layin da idona, na ga masu kwana a tsaye. Ban raina gajiyarsu ba. Amma faɗan da aka yi wa Inna ya fi bayanin da aka hana ta cin lokaci. Akwai ma dabarar da ake koyar da su, a ce wa majinyaci ya maimaita abin da aka faɗa masa da bakinsa don a tabbatar ya fahimta. A kwana huɗun nan ba wanda ya gwada ta a kan Inna.

Kada kuma wani ya kawo mini zancen takardar da ke cikin kwali. An ninke ta kamar sau takwas, rubutun kamar ƙafar kiyashi, da harshen da ba ta ji. Ni mai karatun sai da na haska fitilar waya kafin na gano kalmar tari a tsakiyar jerin illoli. In mutane suka koma tambayar WhatsApp da maƙwabta, sai a ce jahilci ne ke damunsu.

Da za mu fito na leƙa fayil ɗinta. An rubuta ɓaro-ɓaro cewa majinyaciya ta daina shan magani da kanta. Na duba shafin ranar sallama ko zan ga inda aka rubuta an yi mata bayani, babu komai sai sunan ƙwaya da sa hannu.