Kafin ka roƙe ni linkin katin nan, dan Allah ka tsaya ka karanta

Salamu alaikum jama'a. Tun ranar da na sa hoton nan da na ɗauka a cikin jirgi ina hanyar zuwa gida babbar Sallah, saƙonni ba su daina shigowa ba, kowa tambayarsa ɗaya, wai an ce kyauta na je Kano, yaya ake yi, turo mana linki. Wasu ma har sun yi fushi wai ina ɓoye hanyar arziki. Wallahi ba ɓoyewa nake ba, akwai abin da ya daɗe yana damuna game da harkar nan kuma yau na ga gara in faɗe shi kowa ya ji, ko da rubutun zai yi tsawo ku yi haƙuri.

Da farko dai eh, gaskiya ne. Da maki na sayi tikitin, daga Washinton zuwa Addis Ababa a jirgin Ethiopian, daga can Kano, abin da na biya da kuɗin aljihuna harajin filin jirgi ne kawai. Yadda abin yake, a nan Amurka banki zai ba ka katin bashi, duk dala ɗaya da ka kashe da shi a rubuta maka maki ɗaya, wani lokacin biyu ko uku in abinci ne ko tafiya. Amma ba wannan ne ke jan mutane ba, bonas ɗin shiga ne, irin wanda za a ce ka kashe dala 4,000 cikin wata uku a ba ka maki 60,000. Sai ka juya makin zuwa asusun kamfanin jirgi, su kuma kamfanonin suna da ƙawance a tsakaninsu, United da Ethiopian da Turkish da EgyptAir duk gida ɗaya suke wato Star Alliance, Delta da Air France da KLM da Saudia suna SkyTeam, American da Qatar da British Airways da Royal Air Maroc suna Oneworld. Shi ya sa za ka tara maki a wuri ɗaya ka hau jirgin wani. Iya sirrin kenan, ba wani asiri a ciki.

To amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Ni tambayar da ban yi wa kaina ba sai da na shekara kusan huɗu a cikin harkar ita ce, kujerar nan da na zauna wa ya biya ta?

Wata Hajiya ce ta fara buɗe min ido, mai shagon kayan abincin gida inda muke sayen daddawa da kuka da busasshen kifi. Ta manna takarda a jikin na'urarta cewa ba a goga kati sai ciniki ya kai dala goma. Rannan na ɗauko yaji da ɗan kubewa na miƙa katina mai nauyin nan na ƙarfe, ta riƙe shi a hannu tana jujjuyawa ta ce ɗana irin wannan katin shi ya fi cin mu. Ta jawo takardar ƙarshen wata daga ƙarƙashin kanta, ta sa yatsa a kan layin da ake cire mata, ta ce ka ga wannan, ya kusa kuɗin wutar shagon nan. Duk ciniki da kati sai an cire wa mai shago wajen kashi biyu zuwa uku cikin ɗari, kuma katunan da suka fi ba da maki su suka fi yanka mai yawa. Ita kuma ba za ta ɗauki asarar ba, kan farashi take ɗorawa, ke nan tsohon da ya zo da tsabar kuɗinsa a hannu shi ma ya biya wani abu a kujerata bai sani ba. A Turai tun 2015 aka ƙayyade kason da bankin da ya ba da katin ke ɗauka daga wannan yankan, a katin bashi ba ya wuce kashi 0.3 cikin ɗari, shi ya sa 'yan'uwanmu na Jamus da Faransa ba sa ganin irin bonas ɗin da muke gani a nan. Ba wai bankunan Amurka sun fi kirki ba ne, kasuwar ce aka sakar musu.

Su kuma kamfanonin jirgi sayar da makin suke yi wa banki, kuɗi a hannu. American Airlines ta fara tsarin makinta mai suna AAdvantage a 1981, a 1987 ta haɗa kai da Citibank aka fito da kati, daga nan abin ya zama sana'a mai zaman kanta. A 2023 kawai Delta ta samu kusan dala biliyan 6.8 daga kamfanin kati na American Express. Lokacin korona da jirage suka kwanta, abin da suka kai jingina suka ci bashi shi ne tsarin makin nan, United ta karɓi biliyan 6.8 a 2020, Delta biliyan 9, American biliyan 10 a 2021. Ka duba fa, masu ba da bashi sun yarda da asusun maki a lokacin da jiragen kansu suke ajiye ba mai hawa. Ma'ana kuɗi ne suke bugawa da kansu, su suke faɗin darajarsa, kuma ranar da suka ga dama su karya shi ba wanda zai tambaye su. Delta ta cire jadawalin farashin makinta tun 2015, yanzu abin da kwamfuta ta ce maka yau shi ne farashi, gobe wani ne daban. A 2023 da suka sauya dokokinsu mutane suka yi ca a kansu sai da shugaban kamfanin Ed Bastian ya amsa cewa sun wuce gona da iri, a watan Satumba na 2024 kuma ma'aikatar sufuri ta Amurka ƙarƙashin Pete Buttigieg ta buɗe bincike kan tsarin makin manyan kamfanoni huɗu. Mu da muka ga yadda naira ta yi a hannun iyayenmu ai bai kamata a yi mana dogon bayani kan ajiye dukiya a kuɗin da wani ke iya karyawa cikin dare ba.

Duk wannan da sauƙi. Inda zuciyata take ciwo shi ne kuɗin ruwa.

Ruwan katin bashi a ƙasar nan ya haura kashi 20 cikin ɗari a shekara, kuma a 2023 bashin da ke kan katunan Amurkawa ya wuce dala tiriliyan ɗaya. Yi lissafi da kanka, in dala 5,000 ta kwana a katinka a kan kashi 24, dala ɗari kenan duk wata, 1,200 a shekara, ba ka rage ko sisi daga uwar kuɗin ba. Makin 60,000 da aka ba ka yawanci darajarsa ba ta fi dala ɗari shida zuwa dubu ɗaya ba. Shekara ɗaya sun karɓe abinsu har da ƙari. Akwai binciken da wasu masana suka fitar ta babban bankin Amurka a 2023, suka ƙiyasta kusan dala biliyan 15 ke tashi duk shekara ta hanyar katunan maki daga hannun masu ƙaramin ƙarfi da ƙarancin ilimin harkar zuwa hannun waɗanda suka iya ta. Kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi. Kuma in ka duba mu baƙi da muka zo jiya jiya, masu tuƙin Uber da aikin sito da kula da tsofaffi, masu tura kuɗi gida duk wata, a wane ɓangare kake ganin yawancinmu za mu faɗa?

Ba a littafi na karanta wannan ba. Akwai wani yaro ɗan garinmu, ba zan faɗi sunansa ba, shekararsa biyu da zuwa, yana ce min Yaya. Ni na tura masa linki da hannuna, kuma ba zan ɓoye muku ba, duk wanda ya buɗe kati ta linkinka kai ma ana ba ka maki, wannan shi ne abin da masu tallar nan a TikTok da YouTube ba sa faɗa da ƙarfi. Na ce masa ka kashe dubu huɗu a wata uku ka samu tikitin gida. Ban tambaye shi nawa yake kashewa a wata ba, ban tambaye shi yana da ajiya ba, ban tambaye shi komai ba. Yaron da duk hidimarsa ta wata ukun ba ta kai rabin haka ba sai ya shiga neman abin saye don ya cika adadin, ya sayi waya, ya sayi talabijin, ya yi wa ƙannensa tsaraba tun tafiyar ba ta zo ba. Ya samu makin kuwa, ya kira ni yana murna. Wata biyu bayan nan motarsa ta lalace, a satin kuma aka kwantar da mahaifiyarsa a asibiti a gida, duk abin da ya tanada don biyan katin ya tafi can, kuma wa zai ce masa kar ya tura? Daga nan ya koma biyan ɗan mafi ƙarancin da bankin ke rubutawa a saman takarda.

Bayan sallar Juma'a ya same ni a wajen ajiye motoci, ya shigo motata ya rufe ƙofa, ya miƙo min wayarsa bai ce komai ba. Na duba, wata bakwai yana biya amma bashin kamar ba a taɓa shi ba. Hannunsa na rawa. Ya ce Yaya ni ba kuɗin ne ya fi damuna ba, riba nake bayarwa duk wata, kuma Umma ta ce in yi mata alkawari ba zan ci haram a ƙasar nan ba. Wallahi na rasa abin da zan ce masa, makin da aka ba ni saboda shi yana cikin wanda na haɗa na sayi tikitin da kuke yi min barka a kai.

Maganar addini kuma ba ni da ilimin ba da fatawa, amma abin da na sani zan faɗa. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi a zamanta na Riyad a shekarar 2000 ta ce bai halatta a yi mu'amala da katin bashin da aka gindaya sharaɗin ruwa a cikinsa ba, ko da mutum ya ƙudurta zai biya kafin wa'adi. Akwai kuma malaman da ke zaune a ƙasashen nan da suka yi sassauci saboda larura, don a Amurka in ba ka da tarihin kiredit, wato shaidar yadda kake cin bashi kana biya, hayar gida ma wahala take, da sharaɗin ka biya duka kafin ruwa ya hau. To ko a wajen masu sassaucin, larura suka ce. Neman gidan haya larura ne, na yarda. Amma buɗe kati biyar don ka kwanta a kujerar bizines ko ka ci abinci a falon manya na filin jirgi, wannan kam ni na kasa kiransa larura, kuma na yi shekaru ina yi. Abin da ya fi ba ni tsoro masu cewa za su tara maki su je Umra da shi, dan Allah ka zauna da malamin da ka yarda da shi kafin ka sa hannu, kar ka ɗauki fatawa daga wanda zai samu maki in ka danna linkinsa.

Sannan ko ka tsira daga ruwa ba shi kenan ba. Kujerun da ake bayarwa da maki kaɗan ne, kuma lokacin da mu muke son tafiya, Disamba da hutun yara da Sallah da goman ƙarshe na azumi, shi ne lokacin da kowa ke so. Ni sai da na fara nema kusan wata goma kafin tafiya, kuma ni kaɗai ne, mai mata da yara huɗu ya nemo kujera shida rana ɗaya mu gani. Ga kuɗin shekara, katin Sapphire Reserve da bankin Chase ya fito da shi a 2016 a kan dala 450 yanzu ya kai 795, Platinum na American Express ya kai 895. Nawa ne wannan in ka canza shi ka tura gida?

Ban ce kowa ya karya katinsa ba. Wanda albashinsa ke shigowa a tsaye, yana da ajiyar wata uku ko fiye a gefe, abin da dama zai saya shi kaɗai yake gogawa, kuma ya saita asusunsa yana biyan duka duk wata ba sai ya tuna ba, wannan zai iya cin moriyar abin, tsakaninsa da malaminsa da Ubangijinsa. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, mu nawa ne a haka? Yawancinmu kira ɗaya daga gida ya isa ya rusa lissafin wata, rasuwa ko asibiti ko kuɗin makaranta, kuma ba ma iya cewa a'a, bai ma kamata mu ce ba. Masu bidiyon nan da ke koya muku harkar ba su da gida mai mutum ashirin da ke jiran saƙonsu ranar ɗaya ga wata.

Don haka masu turo min saƙo ku yi haƙuri, linki dai na daina turawa, na ma goge shi daga wayata. Katunana uku na rufe biyu, na bar ɗaya marar kuɗin shekara saboda tarihin kiredit. Wanda ya riga ya shiga kuma bashin ya fara yi masa nauyi ya yi min magana ta akwatin sirri, ba wanda zai ji, mu zauna mu duba takardun tare, akwai ma ƙungiyoyin ba da shawara kan bashi da ba riba suke nema ba waɗanda ke iya sa banki ya rage ruwa. Shi kuma ƙanen nawa mun yi magana da mutum huɗu a masallaci, za mu haɗa masa rance ba ruwa ya biya bankin gaba ɗaya, ya riƙa mayar mana a hankali, kasona ni ba zan karɓa ba. Asabar ɗin nan bayan la'asar za mu zauna, saura dala ɗari takwas mu cika, in akwai mai hali a cikinku ya neme ni kafin ranar.