Wanda ya tsinci katin shaida, ya yi cigiya irin ta da

Kusan kullum sai na ci karo da hoton katin wani bawan Allah a Facebook ko a zauren WhatsApp, an rubuta a ƙasansa cewa an tsinta, a taimaka a yaɗa har ya isa ga mai shi. Ban taɓa shakkar kyakkyawar niyyar masu yin haka ba, amma ina ganin garin gyaran gira ana rasa ido, domin hoton yakan fito da cikakken suna, da ranar haihuwa, da adireshin gida, da lambar katin gaba ɗayanta, kowa yana karantawa.

Lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN da hukumar katin ɗan ƙasa, NIMC, ke bayarwa, mai alƙaluma 11, ta wuce lambar da za a baza a kasuwa. Tun Disambar 2020 da gwamnati ta wajabta haɗa ta da layin waya, ita ce mabuɗin rajistar layi, da fasfo, da jarrabawar JAMB, da asusun banki. Idan ɗan damfara ya same ta tare da suna da ranar haihuwa, an rage masa rabin aiki. Sai ya kira mutum ya ce daga banki yake, ya karanto masa bayanansa daidai, sannan ya nemi lambar sirrin da aka turo masa. Kuma ko an goge hoton bayan mai kati ya bayyana, yana nan a wayoyin ɗaruruwan mutane.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne muna da tsarin cigiya da ya fi wannan hikima. Malamai sun karantar da mu a babin tsintuwa cewa mai tsintuwa ya kiyaye alamomin abin, ya yi cigiya har shekara guda, kuma wanda ya zo nema shi ne zai siffanta. Shi ya sa ladan ke cewa bayan sallah, "An tsinci kuɗi, mai su ya zo da alama," ba ya faɗin nawa ne. Idan dole sai an saka a intanet, a rufe lambar da ranar haihuwa da adireshi, a bar suna da ƙaramar hukuma, wanda ya kira kuma a tambaye shi abin da aka rufe, a dubi fuskarsa ranar karɓa.

Sau da yawa ma ba a bukatar intanet. Watan jiya na tsinci katin zaɓe a ƙasan kujerar adaidaita sahu a hanyar Kabuga, gefensa ɗaya ya ɗan tsage, ƙura ta rufe hoton. Da na goge shi da bakin riga sai ga fuskar wata dattijuwa, wadda na tabbata ko shekara hotonta ya yi yana yawo a Facebook ba za ta gani ba. Katin zaɓe kuwa yana ɗauke da jiha da ƙaramar hukuma da mazaɓa da adireshi, don haka ranar Asabar na nufi unguwar, na yi sallama da mai unguwa a ƙofar gidansa. Kallo ɗaya ya yi wa hoton ya ce, "Ai Iya ce ta bayan masallaci," ya haɗa ni da yaro.

Na san ba kowa ke da lokacin wannan zirga-zirga ba, kuma wani adireshin ya tsufa, mai shi ya tashi. A nan sai a miƙa katin ga ofishin INEC na ƙaramar hukumar da aka rubuta a jiki, ko ofishin NIMC idan nasu ne, ko caji ofis mafi kusa. Abin da ba na goyon baya shi ne ajiye shi a aljihu ana jiran tukuici, alhali mai shi yana can yana fafutukar takardar 'yan sanda da rantsuwar kotu.

Iya ta karɓi katinta ta juya shi sau biyu, ta ce ai ta ɗauka sai wata rajistar, kuma a zaɓen 2023 ta ga yadda aka mayar da marasa kati gida daga kan layi. Ta ƙulle shi a bakin zane, ta sa jikarta ta kawo mini ruwa da goro biyu.