Makauniyar kazar Goya, aikin masaƙa ce tun asali

Masu yaɗa hoton La gallina ciega na mai zanen Sifaniya Francisco de Goya suna yawan yabon natsuwarsa da sanyin launinsa, kamar mai zanen ya ga dama ne kawai ya yi shi haka. Ni a ganina sun manta abu ɗaya: ba don a rataye shi aka zana shi ba. Samfuri ne da aka yi wa masaƙan masana'antar sarki ta Santa Bárbara a Madrid, su kwaikwaya da zaren ulu da siliki, su fitar da dardumar bango don ɗakin kwanan 'ya'yan sarki mata a fadar El Pardo.

Sunan yana nufin makauniyar kaza, sunan wasan da ake yi a hoton ne. Samari da 'yan mata sun riƙe hannu sun yi da'ira a bakin ruwa, ɗaya a tsakiya an ɗaure masa ido, yana laluben su da dogon ludayin itace, wani kuma ya sunkuya yana kauce masa. Wasu sun yi shigar 'yan unguwar Madrid da ragar gashi, wasu ta Faransa da manyan huluna.

Aikin yakan bi matakai uku. Da fari ƙaramin gwaji a kai fada a amince, na wannan bai kai rabin mita ba. Sai babban zanen da fentin mai, santimita 269 a tsaye, 350 a kwance, daidai girman bangon. Sannan masaƙi ya ɗauka. To a nan ake samun matsala. Mai fenti yana iya shafa launi siriri a kan wani har su narke cikin juna, masaƙi kuwa zaren da aka rina kawai gare shi, kowane sauyin launi sai ya canja zare. Fuska mai inuwa goma ta zama aikin kwanaki, kuma ta fito da tabo-tabo. Goya ya sha wannan tun 1778, lokacin da aka mayar masa da zanensa na makaho mai jita ya gyara, don ya cika shi da abin da ba ya saƙuwa.

Ku dubi abin da ya koya cikin shekara goma. A hoton makauniyar kaza kowane mutum ya fita sarai daga abin da ke bayansa, tufafin launi ne shimfiɗe a fili, ruwa da duwatsu na nesa ba tarkace. A ƙaramin gwajin akwai kan wata mace da ke leƙowa ta bayan mai babbar hula, a babban zanen ya shafe ta. Wasu na ganin takurar masaƙa ta rage masa fasaha. Ban yarda ba, ita ta koya masa rage surutu a zane.

Sarkin Sifaniya Carlos na 3 ya rasu a Disamban 1788, fada ta juya wa El Pardo baya, aka dakatar da sauran aikin ɗakin. A cikin zane-zanen ɗakin, na makauniyar kaza kaɗai ya kai babban zane, sauran suka tsaya a gwaji. Da yake kayan aiki ake ɗaukar irin waɗannan zane-zane, naɗe su aka yi aka jibge a ɗakin ƙasa na fadar Madrid, sai a 1870 suka koma gidan tarihi na Prado, shekara 42 bayan Goya ya rasu a birnin Bordeaux na Faransa.